Abin da Ɓeraye Suka Ce

A kudancin tsibirin Kiyos, inda aka yanke cibiyata,
akwai wani gajeren itace mai taurin kai.
Inuwarsa ba ta isar jaki, 'ya'yansa ba sa ciwuwa,
amma tsaga shi ka gani:
sai ya yi maka kuka da ƙaro.

Kakata Stamatiya da asuba take fita.
Ta share gindinsa tas, kamar ɗakin saukar baƙo,
ta barbaɗa farar ƙasa,
ta zaro ɗan ƙarfenta mai tsini
ta yi masa tsaga sama-sama.
"In kika zurfafa," in ji ta, "ya yi zuciya, baɗi ki tashi a tutar babu."
Mako biyu hawayen na ɗiga, suna daskarewa.
Da sanyi ya shigo, ita da maƙwabta a bakin ƙofa,
tire a cinya, 'yar wuƙa a hannu,
suna kankare datti ƙwaya-ƙwaya,
suna cin naman duk wanda ya gifta.

Babana Isidoros ya shekara ashirin a ɗakin injin jirgin ruwa.
Baƙin kofi, taba, ƙwayar ciwon baya a kan yunwa.
Ya dawo a rame, hannu dafe da ƙahon zuci,
wai garwashi aka binne masa.
Dare ya raba, sai ka ji motsinsa a madafa,
yana lalubar busasshen burodi
ya ba wutar toshiyar baki.

Gyambon ciki, in ji likita,
da wata ƙwayar cuta mai murɗaɗɗen jiki.
Ya rubuta magani iri uku.
Kaka ba ta yi musu ba.
Ta dai jawo turmin tagulla, ta daka ƙaro,
cokali guda kowace safiya kafin ya karya.
Ya sha na likita, ya sha na uwa.
Da ya miƙe, kowa ya ce nasa ne ya yi aiki.

Gardamar nan ce ta kai ni Atina.
Yanzu farar riga nake sawa.
In jiƙa ƙaro, in tace, in ƙafar da ruwan
har abin da ya rage bai fi kwallin ido ɗaya ba.
Ɓeraye arba'in a keji, kowanne da lamba a wutsiya,
rabi na ɗura musu, rabi na hana.
Ban taɓa faɗa wa Kaka abin da ke biyo baya ba:
tumbi ƙanƙane, bai kai babban yatsana ba,
a buɗe a ƙarƙashin madubi,
ni kuma ina ƙirga jajayen tabo.
Na ƙirga. Na sake.
Na sa Lefteris ya ƙirga ba tare da ya san wane ne wane ba,
don zuciyata na da ɓangare.

Lokacin tsinta na koma gida.
Na same ta durƙushe, gwiwa a kan tsohon buhu,
ko ɗago kai ba ta yi ba.
"To, me ɓerayen naki suka ce?"

"Sun ce akwai wani abu. Tabon ya ragu.
Sai dai ɓera ba mutum ba ne, Kaka,
arba'in kuma ba yawa ba ne.
Kada kowa ya yar da maganin asibiti tukuna."

Ta hure ƙasa daga wata ƙwaya, ta ɗaga ta a rana.
"Shekara nawa kika yi kina tambayarsu?"
"Huɗu."
"Da saura. Wannan ma sai da ya yi biyar
kafin ya fara ba ni amsa."

Ta miƙo min. Na tauna.
Ɗaci da farko, har na yamutsa fuska,
can sai ƙanshi ya taso, bakina ya yi wasai.
Na buɗe baki zan kawo mata lissafi,

ta ce, "Matsa.
Kin taka min farar ƙasa."